Tsohon Fayil a Sabuwar Kwamfuta: Aikin Ceto a Shagunan Narayi

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Labarin bai ta da ƙura a Kaduna ba, domin mai shagon buga takardu a Narayi ko Barnawa ba ya sauya kwamfuta don an yi sanarwa a Amurka, sai ranar da ta mutu a hannunsa. Amma akwai abin da ya tafi tare da Windows 10 wanda ya shafe mu kai tsaye. Shi ne na ƙarshe a jerin Windows da ke da siga mai bit 32, kuma a cikin irin wannan siga ne kaɗai ake samun wani ɓangare mai suna NTVDM, wanda ke ba manhajojin zamanin DOS damar yin aiki. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, bit 64 ne zalla. Duk kwamfutar da ta zo da shi, sabuwa ce fil ko 'yar gwanjo, ba za ta iya tayar da WordStar ko WordPerfect 5.1 da kanta ba, haka ma Word na zamanin Windows 3.1. Kana dannawa za ta ce maka wannan manhaja ba ta aiki a nan.

Wani zai ce, to wa ke neman manhajar 1989 a yau? Abin da aka rubuta da ita ake nema. Kaduna garin takarda ne tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Nan ma'aikatun Jihar Arewa suka zauna, nan jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Janairun 1966, nan masaƙun Kakuri suka ɗauki dubban ma'aikata tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957, kuma kowace ma'aikata tana da sakatarori da akawuna da masu buga tafireta. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, waɗannan bayin Allah ne suka fara zama gabanta. Da yawansu sun yi ritaya, kuma a kudancin kogi za ka same su a Narayi da Barnawa da Sabon Tasha da Unguwar Romi. Unguwannin nan sun ƙara cika bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, lokacin da iyalai suka yi ta ƙetare kogin Kaduna, wasu kudu wasu arewa, kowa na neman inda hankalinsa zai kwanta. Shekarun nan kuwa zamanin faifan fulofi ne. Wanda ya bar gida cikin gaggawa da wuya ya ɗauki kabad ɗin takardu, amma faifai goma suna shiga aljihun jaka.

Abin da ke cikin faifayen nan ba sirrin gwamnati ba ne. Bayanan taron ƙungiyoyin ci gaban gari ne na Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi, rajistar baftisma da ɗaurin aure, tsarin mulkin Zumuntar Mata, kundin kammala karatun ɗaliban Kaduna Polytechnic mai haraba a Barnawa, yarjejeniyar cinikin fili, tarihin iyali da wani dattijo ya faɗa da baki aka buga masa. Wani kaso mai kauri da Hausa aka rubuta shi, domin ita ce ke haɗa mutanen Narayi a kasuwa da coci da masallaci, ko da kowa yana da harshen da yake yi a gida.

Na ga yadda abin ke kasancewa a wani shago a unguwar. Wata dattijuwa, tsohuwar sakatariya, ta zo da faifai a cikin gwangwanin biskit, kowanne da rubutun biro a jikin takardarsa. Yaron shagon ya jona ɗan injin karanta fulofi mai wayar USB, faifan ya yi ta gurnani, fayil ya bayyana da gajeren suna irin na DOS, haruffa takwas da ɗigo da haruffa uku. Ya buɗe shi. Rubutu ya fito, amma kusan kowace kalma harafinta na ƙarshe ya rikiɗe ya zama wata baƙuwar alama.

"Mama, wannan fayil ya lalace, bairos ya ci shi."

"A'a ɗana, babu abin da ya ci shi. Da WordStar na buga shi."

Ita ke da gaskiya. Kwamfutar wancan zamani tana ajiye kowane harafi a bit takwas, amma haruffan Turanci na asali bakwai kawai suke buƙata. WordStar, wadda kamfanin MicroPro ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, sai ta riƙa amfani da bit na takwas a matsayin alamarta ta cikin gida, tana ɗora shi a harafin ƙarshe na kalma domin ta san inda za ta buɗa sarari in tana daidaita layi. Manhajar da ba ta san wannan al'ada ba tana ganin wani harafi dabam. Fayil ɗin lafiyarsa lau, mai karanta shi ne ya sauya. Da yaron ya bi zatonsa ya goge faifan, da aikin shekara talatin ya tafi a banza.

Hanya biyu ce a gaban mai irin wannan fayil. Ta farko ita ce a ba wata sabuwar manhaja ta juya shi. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect da na tsofaffin Word da dama, kuma in wasiƙa ce mai shafi ɗaya, yawanci wannan ya wadatar. Ina ba da shawara a fara gwada ta kafin a shiga wahala. Amma juyi yana da hasara. Jadawali kan wargaje, bayanan ƙasan shafi kan ɓace, lambar shafi kan goce, kuma babu yadda za ka san abin da ya salwanta tunda ba ka ga na asali ba. Hanya ta biyu ita ce a dawo da tsohuwar manhajar kanta, a tayar da ita a cikin sabuwar kwamfuta.

Dabarar ita ce a sa wata manhaja ta yanki wani kaso na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta, ta shirya shi ya zama kamar wata kwamfuta mai zaman kanta, da nata faifan da nata allon. A cikin wannan kwamfutar kwaikwayo sai a girka DOS ko Windows 98 ko XP, sannan a girka manhajar rubutun a kai. Masu sana'ar suna kiran ta waje mai masauki, ta ciki kuma baƙuwa. Kamar ɗan haya ne a ɗakin zaure: yana da ƙofarsa da makullinsa, yana shan ruwa da wutar gidan, amma bai san abin da ke cikin ɗakunan mai gida ba sai abin da aka miƙo masa. A wajen mai masauki, baƙuwar nan gaba ɗayanta 'yan fayiloli ne kawai da za a iya kwafewa a filashi a kai wata kwamfutar, ta tashi a can kamar yadda aka bar ta.

Tunanin ya girmi kwamfutar tebur. Injiniyoyin IBM sun gwada shi a manyan injunansu tun 1967, suka sa shi a kasuwa da sunan VM/370 a 1972. VMware ta kawo shi kan ƙananan kwamfutoci a 1999. VirtualBox, wadda wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya saki a 2007 kuma ta koma hannun Oracle a 2010, ita ce mafi sauƙin samu ga mai shago, don ba a biyan ko kwabo.

Akwai bambancin da ya kamata mai gyara ya sani. VirtualBox da VMware suna barin baƙuwa ta yi amfani da ainihin ƙwaƙwalwar injin, saboda haka suna da sauri, amma dole injin ya zama dangin Intel ko AMD irin wanda aka rubuta tsohuwar manhajar dominsa. Wasu kuma, irin su DOSBox da aka fara a 2002 saboda tsofaffin wasanni, da 'ya'yanta DOSBox-X da vDos, suna kwaikwayon injin ne ɗungurungum, umarni bayan umarni. Wannan ya fi cin ƙarfi, sai dai DOS ba ya ganin abin da ya wuce kilobayit 640 na ƙwaƙwalwar aiki a tsarinsa na asali, don haka ko kwamfutar da ta kwana biyu ba za ta ji nauyinsa ba. Ga WordStar da WordPerfect na DOS, irin wannan kwaikwayo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ga manhajojin da ke buƙatar Windows 98 ko XP, VirtualBox ta fi dacewa. Wanda kuma ke da kwamfutar Apple mai ƙwaƙwalwar M1 ko ƙannenta, daga 2020 zuwa yau, injinsa wani dangi ne dabam, sai ya bi ta QEMU ko wata mai cikakken kwaikwayo.

A ƙasashen waje akwai waɗanda har yau da tsofaffin manhajojin nan suke rubutu, kuma ba don rashin kuɗin sabuwa ba. George R. R. Martin, wanda aka ɗauko fim ɗin Game of Thrones daga littattafansa, ya faɗa a talabijin a 2014 cewa da WordStar 4.0 yake rubutu, a kan kwamfutar DOS da ba ta jone da intanet. Robert J. Sawyer, marubucin Kanada, ya tattara WordStar 7 da littattafan koyar da ita da manhajojin kwaikwayo ya saki ga jama'a a 2024. Edward Mendelson, farfesan adabi a Jami'ar Columbia, ya shafe shekaru yana shirya hanyoyin tayar da WordPerfect na DOS a kan Windows da Mac na zamani. Na fahimci abin da suke gani. Duk wanda ya taɓa kallon tsohuwar sakatariya gaban shuɗin allon WordPerfect 5.1 ya san hannunta ba ya barin madannai: F10 ta ajiye, Shift da F7 ta aika wa firinta, Alt da F3 ta buɗe ƙasan allo ta ga kowace alamar da ke ɓoye a cikin rubutun, ta cire wadda ke kawo matsala. Gwaninta ce ta gaske, kuma ba na jin daɗin yadda ake yi wa masu ita kallon waɗanda zamani ya wuce.

Amma mu matsalarmu ta fi ta Martin zurfi, saboda haruffa masu ƙugiya. Shi Turanci yake rubutawa, haruffansa ashirin da shida suna nan a kowace kwamfuta. Mu muna da ɓ da ɗ da ƙ, 'yan'uwanmu na Nijar suna ƙara ƴ. A zamanin tafireta, mai bugu kan bi takarda da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa, ko ya sa waƙafi a sama, ko ya bar mai karatu ya gane da kansa. Tsarin Unicode ya ba haruffan nan lambobinsu tun farkon shekarun 1990, amma zube-zuben haruffan da kowa ke amfani da su, irin su Times New Roman, ba su zo da su ba sai daga baya, manhajoji da yawa ma ba su san Unicode ba a lokacin. Sai masu kishin harshe suka nemo mafita da hannunsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin Rabi'at da na Abdalla a shekarun 1990, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidimar da ba za a manta ba. Da su aka buga kundaye da mujallu da littattafai masu ɗimbin yawa, ƙugiya a inda ta dace.

Dabarar irin waɗannan zube-zube ita ce a ari gurbin wani harafi ko alama a zana namu a ciki. Wasu sun ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Wasu kuma sun ari alamomin baka da ke gefen madannai. A allo kana ganin ƙasa da ɗaya, amma abin da fayil ya ajiye shi ne qasa da xaya, ko }asa da ]aya. Muddin zubin yana cikin kwamfuta, komai daidai. Ranar da fayil ya je inda babu shi, ko aka kwafe rubutun zuwa waya ko intanet, asalin abin da aka ajiye ne ke fitowa. Duk mai karanta kundayen Hausa a intanet ya sha cin karo da wannan.

In fayil ɗin na Word ne, sau da yawa girka zubin a sabuwar kwamfuta ya isa a ga rubutun daidai, ba sai an tayar da wata baƙuwa ba. Wahalar tana wajen mayar da shi Unicode. Mai gaggawa zai ce a nemo kowane v a mayar ɓ, kowane x a mayar ɗ. A takardar Narayi wannan ɓarna ce. Rajistar coci cike take da Victoria da Veronica da Felix, lambobin babi na Romawa suna da V da X, kuma takarda guda kan haɗa sakin layin Hausa da na Turanci. Abin da ke raba ɓ na gaskiya da v na gaskiya shi ne zubin da mai bugu ya ɗora wa kowace kalma, kuma wannan bayani shi ne abu na farko da ke zubewa in aka yi juyi da garaje. Dole a ga takardar yadda mai ita ya gan ta, sannan a sa manhaja ta musanya haruffan da ke cikin zubin Hausa kaɗai, a bar sauran. Irin wannan larura tana kan rubutun harsunan Jju da Tyap da aka yi kafin Unicode ya zauna, masu wasula da layi a ƙasa.

Littattafai da mujallu sun fi shiga tsaka mai wuya. Shekarun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, da shekarun da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, su ne shekarun da shagunan ɗab'i a ƙasar nan suka rungumi PageMaker wajen tsara shafi. Sigarta ta ƙarshe, 7.0, ta fito a 2001, daga nan Adobe ta mayar da hankali kan InDesign, wadda sababbin sigoginta ba sa buɗe fayilolin PageMaker. Wanda ke son sake buga littafin da aka tsara a wancan lokaci, ko littafin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan coci, ko kalandar ƙungiya, yana da zaɓi biyu: ya sake buga komai daga farko, da duk kurakuran da sabon bugu ke jawowa, ko ya tayar da XP a cikin VirtualBox, ya girka PageMaker da zube-zuben asali, ya ga shafin kamar ranar da aka kai shi maɗaba'a.

Aikin bai fi ƙarfin mai shago ba. Kwamfuta mai gigabayit huɗu na ƙwaƙwalwar aiki za ta ɗauki XP cikin sauƙi in aka yanka masa megabayit 512 da gigabayit goma na ma'ajiya. Abin da ya fi kayar da masu farawa shi ne wani maɓalli a cikin BIOS, VT-x a injin Intel ko AMD-V a na AMD, wanda sau da yawa a kashe yake zuwa, sai an kunna shi. Bayan girkawa a buɗe jaka guda da mai masauki da baƙuwa za su riƙa gani tare, ta nan fayiloli za su shiga su fita. A ɗauki hoton yanayin baƙuwar tun tana da tsabta, domin in wani faifai ya shigo da cuta, danna ɗaya zai mayar da ita yadda take. A kuma yanke mata intanet gaba ɗaya: Microsoft ta daina toshe kafofin XP tun Afrilun 2014, kuma tsofaffin fayilolin Word na ƙarshen shekarun 1990 sun yi ƙaurin suna wajen ɗauko bairos a cikinsu. Batun lasisi ma yana nan. Tsufa ba ya cire haƙƙin mallaka daga kan XP ko PageMaker, don haka wanda ke da faifansa na asali ya adana shi da lambarsa. Ga DOS kuwa akwai FreeDOS, da Jim Hall ya fara a 1994, halal ne ga kowa.

Inda nake rabuwa da masu sha'awar tsofaffin manhajoji shi ne wajen zama a ciki. Marubuci ɗaya yana iya ƙare rayuwarsa da WordStar, ba wanda ya cutar. Ƙungiya ko coci ko makaranta ba za ta iya jingina tarihinta da wata dabara da mutum ɗaya ne ya iya ta a unguwa ba. A buɗe fayil a baƙuwa, a fitar da PDF wanda zai riƙe kamannin shafi, a fitar da rubutun zalla a mayar da shi Unicode, a buga kwafi a takarda, a kuma ajiye fayil na asali ba tare da an taɓa shi ba. Ingila ta ɗanɗana wannan darasi. A 1986 BBC ta tattara bayanan ƙasar daga makarantu da jama'a a kan faifan leza biyu, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday na 1086. Kafin shekara ashirin injunan karanta faifayen sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka kwaikwayi tsohuwar kwamfutar a 2002 kafin a sake ganin abin da ke ciki. Littafin 1086 kuwa yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew ana karanta shi. Mu ma a Gidan Arewa da ke titin Rabah, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, akwai rubuce-rubucen ajami na ƙarni na 19 da mai ilimi zai zauna ya karanta yau, alhali takardar 1995 tana neman gagarar mu. Ina ganin cibiyoyin nan, tare da sashen kwamfuta na Polytechnic, su ne suka fi cancanta su tanadi tebur guda da injin fulofi da baƙuwar da aka shirya da zube-zuben Hausa, inda ɗan unguwa zai kawo abin da ke hannunsa.

Kwamfutar kwaikwayo za ta jira, faifan ne ba zai jira ba. Fulofi leda ce mai siririn shafen maganaɗisu, megabayit 1.44 kacal take ɗauka, kuma laimar daminar Kaduna tana sa ta fumfuna, ƙurar hunturu tana kankare ta. Sony ta daina ƙera su a 2011, injunan karanta su ma sai raguwa suke yi a kasuwa. Faifan sidi da aka ƙona a shago a farkon shekarun 2000 shi ma shafensa yana ɓarewa. Wanda ya samo faifai a gida ya zuge murfin ƙarfen ya duba, in ya ga tabon fumfuna kada ya sa shi a inji, don zai ɓata kan injin ya kuma ɓata faifan da ke biye. In yana da tsabta, ya ture ɗan makullin da ke kusurwa har ramin ya buɗe, yadda kwamfuta ba za ta iya rubuta komai a kai ba. Sannan ya kwafe duk abin da ke ciki a karo ɗaya, har fayilolin da ba su da tambari da waɗanda Windows ta ce ba ta san su ba, ya rubuta a sunan jakar abin da ke jikin takardar faifan da shekarar da yake zaton an buga shi.